Tarihin Naltrexone, Maganin Raba Mutum da Giya da Ƙwaya

Naltrexone magani ne da likitoci ke ba wanda ke son rabuwa da giya ko ƙwayoyin dangin ofiyom, irin su tramol da kodin. An fara haɗa shi a 1963 a kamfanin Endo da ke New York, a Amurka.

Kafin zuwansa, maganin da aka sani na mashayin giya shi ne disulfiram, wanda Erik Jacobsen da Jens Hald suka gano amfaninsa a Denmark a shekarun 1940. Wanda ya sha shi ya kurɓi giya sai fuskarsa ta ɗau zafi, zuciyarsa ta tashi, amai ya biyo baya. Masu ƙwaya kuwa, a shekarun 1960 Vincent Dole da Marie Nyswander suka fara ba su methadone, wanda shi ma ɗan dangin ofiyom ne, domin ya kwantar musu da ƙishin ƙwayar.

Naltrexone ya bi wata hanya dabam. Yana toshe wuraren da ƙwaya ke kamawa a ƙwaƙwalwa, don haka ko an sha ba a buguwa. Mashayin giya kuma yana rage masa daɗinta da kwaɗayinta. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga masu ƙwaya a 1984, ga mashaya giya a 1994, sannan allurarsa ta wata-wata ta fito a 2006.

A Najeriya, binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan ƙwayoyi ba da izinin likita ba. A shekarar ce aka haramta maganin tari mai kodin. A yankunan noma irin su Danja, Funtua da Malumfashi, ɗan ƙwadago kan haɗiyi tramol da safe don ya jure wunin gona, sannu a hankali har ya kasa ɗaga fartanya sai da ita.

Ba a fara naltrexone sai mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 babu ƙwaya a jikinsa, in ba haka ba zai tayar masa da ciwon jiki, gumi da gudawa nan take. Shi ya sa ake shansa a hannun likitan ƙwaƙwalwa, kamar na asibitin koyarwa na Shika a Zariya ko na asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, a haɗa da nasiha da kulawar iyali.