Idon Jama'a da Janyewar Matasa daga Darasin Motsa Jiki a Makarantun Mai'adua

Gabatarwa

Darasin motsa jiki yana cikin manhajar ƙaramar sakandare a duk faɗin Nijeriya, sai dai ɗalibi yana iya halartarsa shekara uku cur bai yi gumi ba. A makarantun je-ka-ka-dawo na ƙaramar hukumar Mai'adua, da ke masarautar Daura a jihar Katsina, a bakin iyakar Nijar, 'yan aji ɗaya ne ke rububin fita fili, 'yan aji uku kuwa, musamman mata, sai su nufi gindin dalbejiya da uzurin ciwon kai ko ciwon ciki. Matsalar ba ta tsaya ga Mai'adua ba. Binciken da Regina Guthold da abokan aikinta na Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar a 2019, kan ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsa jikin minti 60 a rana, mata kashi 85, maza kashi 78. Wannan maƙala tana neman dalilin da ya sa janyewar take zuwa daidai da balaga.

Bitar ra'ayoyin da suka gabata

Ra'ayi na farko yana ɗora laifi kan ƙarancin kayan wasa da malamai. Akwai gaskiya a ciki, kuma manhajar da aka sabunta, wadda ta fara aiki a 2014, ta cusa darasin ƙarƙashin kimiyya da fasaha, abin da ya sauƙaƙa mayar da shi rubutun allo. To amma ɗan aji ɗaya da ɗan aji uku ƙwallo ɗaya suke rabawa, fili ɗaya suke takawa. Rashin kaya bai bambanta su ba.

Ra'ayi na biyu, wanda ya fi yaɗuwa kuma ya fi ɓarna, shi ne wai addini da al'adar Bahaushe ne suka hana 'ya mace motsa jiki. Mai wannan magana ya manta da dandali. Gaɗa tsalle ce da tafi da faɗawa baya a cafe, kuma 'yan mata sun gaje ta kaka da kakanni. A ɓangaren addini, sananne ne a ruwayar Abu Dawud cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA). Illar wannan ra'ayi ita ce yana rufe ƙofar gyara, domin da zarar an ce al'ada ce, shugaban makaranta ya huta da tunani.

Hanyar bincike

An bi hanyar nazari da kwatance. An ɗauki ra'o'in masana halayyar matasa, aka auna su da yadda ake gudanar da darasin, sannan aka kwatanta da wuraren da matasan nan suke motsa jiki don raɗin kansu.

Sakamako: wa ke kallo, me yake aunawa

David Elkind ya bayyana a 1967 cewa da shigar balaga yaro yakan ɗauka kowa shi yake kallo, ko da babu wanda ya damu da shi. A 2013 Leah Somerville da abokan aikinta suka gwada hakan a Amurka: suka gaya wa yara da matasa da manya cewa wani sa'ansu yana kallonsu ta kyamara, sai aka ga jin nauyi ya fi tsanani a shekarun samartaka. Wannan hali yana sauka a kan tarbiyyar da ta riga ta ɗaukaka kunya, wadda Kirk-Greene ya lissafa a 1974 cikin siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe. Kunya kuwa tana da waɗanda ake ji wa: suruki, malami, babba, da wanda ba jinsi ɗaya ba. Filin makaranta yakan tara mafi yawansu a lokaci guda.

A duba yarinya 'yar shekara 14 da ta fara ƙirgar dangi. An ce ta yi gudu, malami namiji yana riƙe da usur, samarin ajinsu suna zaune a gefe, filin kuma babu katanga, 'yan acaɓa da masu zuwa gona suna ratsawa. Hannu ɗaya yana riƙe hijabi, ɗaya yana kare ƙirji, idan kuma kwanakin al'ada ne hankalinta duka yana kan bayan tufarta. Gudun da za ta yi a haka abin dariya ne, ita ma ta sani, shi ya sa ciwon kai ya fi mata sauƙi.

Za a iya cewa ai yarinyar nan tana yin talla ranar Lahadi a kasuwar Mai'adua, inda fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya suke cika maƙil, ba ta kuma fasa ba. Wannan ƙalubale ne mai ƙarfi, kuma shi ne ya daidaita sakamakon. A kasuwa idanu sun fi yawa, amma farantinta ake tayawa, tana cikin shigar da ta zaɓa, tana aikin da ta iya. A fili jikinta ne ake aunawa, ana jera shi da na wasu. Ke nan abin gudu shi ne kallon da ke yanke hukunci. Nan ne aikin John Nicholls na 1984 da na Carole Ames na 1992 suke da amfani: inda aka gina darasi kan wa ya fi wa, masu rauni sukan janye don tsare mutuncinsu, inda kuwa aka gina shi kan ci gaban kowa a kan kansa, sukan daure.

Maza ma ba su tsira ba, sai dai tasu janyewar ta fi ɓoyuwa. Saboda jinkirin shiga boko, aji guda yakan haɗa yaron da muryarsa ba ta buɗe ba da saurayin da ya fara gemu. Idan aka ce kyaftin biyu su zaɓi 'yan wasa, ƙaramin ne ake bari ƙarshe, kowa yana gani, laƙabin da ya samu a ranar kuma yana iya bin sa har unguwa. Shi ɗin ne da la'asar yake buga ƙwallo ba takalmi cikin sa'o'insa har kiran magariba. Wani abin takaici, tsallen kwaɗo da zagaye fili su ne horon mai makara a makarantu da yawa, don haka yaro ya fara sanin motsa jiki a matsayin tozarci kafin ya san shi a matsayin darasi. Gasar gidaje ta shekara-shekara tana ƙara tabbatar da rabon, ta fitar da 'yan ƙalilan masu gudu, ta mayar da saura 'yan kallo.

Gyaran da wannan sakamako ke nunawa bai fi ƙarfin makaranta ba. A raba lokacin mata da na maza, a sa malama tare da mata, a amince da dogon wando da riga mai yalwa da ƙaramin hijabi, a kasa aji ƙananan rukunoni masu wasa a lokaci ɗaya yadda babu wanda ya rage zaune yana kallo. Langa ta dace da maza domin daidaiton ƙafa take buƙata fiye da girman jiki, kuma ba ta cin ko kwabo. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Katsina take cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga bayan amincewa da shi a 2020, yana tallafa wa gyaran makarantu, kuma katanga da makewayi sun cancanci a lissafa su cikin kayan darasin motsa jiki.

Iyakokin bincike

Dole a yarda cewa maƙalar nazari ce, ba ƙidaya ba, kuma ta tsaya kan makarantun je-ka-ka-dawo, ta bar makarantun kwana da tsangayu da yaran da ba sa zuwa makaranta. Haka nan akwai janyewar da ido bai haddasa ba. Yaron da ya fito bai karya ba, ko ya yi tafiyar ƙasa mai nisa daga ƙauye, ko aka sa masa darasin da tsakar rana a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, zai nemi inuwa ko da babu mai kallonsa.