Akwatin da Ke Ɗaure a Ƙugun Mai Rusau

A da, duk wanda aka ba aikin fasa tubalan cikin tanderun narka ƙarfe, da ƙafarsa yake shiga. Ga injin fasa kankare a hannu, ga tubali na zubowa ta sama, ga tanderun bai gama hucewa ba, ƙura kuwa ba a magana. Girgizar injin ma cuta ce mai zaman kanta: a kwana a tashi yatsu su riƙa yin fari suna mutuwa, har saka maɓallin riga ya gagari mutum.

A 1976, a garin Skellefteå da ke arewacin Suwidin, wasu 'yan kwangilar rusau, Lars da Per-Martin Holmgren, suka haɗa wani inji mai dogon hannu domin irin wannan aiki a masana'antar narka ma'adinai ta Rönnskär. Daga nan kamfanin Brokk ya samo asali, kuma a 1981 ya shigo kasuwa da Brokk 250. Injin ba shi da kujerar direba. Mai aiki na tsaye can gefe, da akwatin sarrafawa a jikinsa da doguwar waya tsakaninsa da injin.

A wannan akwati hikimar take, ko da yake idon 'yan kallo ya fi zuwa kan gudumar injin. Ana ɗaure shi a ƙugu ko a rataya a kafaɗa, don mutumin da zai wuni tsaye bai kamata nauyi ya zauna masa a hannu ba. Sanduna biyu ne a kai, ɗaya ga kowane hannu, kuma gwargwadon yadda aka tura su, gwargwadon saurin motsin injin. Dole su amsa wa mai sanye da safar hannu mai kauri, wanda idonsa ke kan bangon da ke shirin faɗuwa. Jan maɓallin tsayarwa na gaggawa yana inda tafin hannu zai same shi ba sai an duba ba.

Waya ta yi rana, amma tana maƙalewa cikin ɓaraguzai, tana kuma ƙayyade inda mutum zai tsaya. Da rediyo ya shigo, sai mai aiki ya samu damar zagayawa ya zaɓi wurin da ya fi gani. Sharaɗin shi ne, da zarar sadarwa ta yanke, injin ya tsaya cak. Husqvarna, shi ma kamfanin Suwidin, ya biyo baya da injunan DXR, da allo mai launi a jikin akwatin.

Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011, an kai injunan Brokk Japan. A irin wannan wuri tsayawa gefe ma ganganci ne, sai dai kyamara da allo daga nesa. Nan aikin ya ƙara wuya, domin hoton allo ba ya nuna zurfi sosai, kunne kuma ba ya jin yadda ƙarar kankare ke canzawa kafin ya tsage.