Me Ke Haɗa Kirista da Mulhidi a Teburin Muhawara?

A Birnin Kebbi, kamar sauran garuruwan Arewa, idan aka ambaci muƙabala kan addini, Musulmi da Kirista ne ke faɗo wa mutane a rai. Masu ɗan shekaru ba su manta da kaset ɗin Ahmad Deedat da Jimmy Swaggart na 1986 ba. Sai dai akwai wata muhawara da ta daɗe tana ci a Turai da Amurka, yanzu kuma ta iso wayoyin ɗalibai a Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi: muhawarar Kirista da mulhidi, wato mai cewa babu Mahalicci sam. Musulmi da Kirista sun yarda akwai Allah, saɓaninsu kan siffofinsa ne da manzanninsa. Waɗannan biyun kuwa ko tushen ba su haɗa ba. To me ya sa suke cika zauren taro, kowa na karanta littafin ɗan'uwansa layi-layi?

Dalili na farko shi ne gida ɗaya suka fito. Ilhadin Turai a cikin coci ya yi rarrafe. Ludwig Feuerbach, wanda ya rubuta a 1841 cewa mutum ne ya ƙago abin bauta daga siffofin kansa, da karatun tauhidin Kirista ya fara a jami'a. Nietzsche ɗan fasto ne. A Najeriya ma haka abin yake. Tai Solarin a makarantun mishan ya tashi, ya bar shugabancin wata kwaleji a Ijebu Igbo saboda saɓani kan tilasta wa yara ibada, sannan ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956. Leo Igwe, wanda ya kafa ƙungiyar masu aƙidar ɗan'adamtaka ta Najeriya a 1996, ya yi shekaru yana karatun zama limamin Katolika kafin ya juya baya. Irin wannan mutum ya san Littafi Mai Tsarki ciki da bai, kuma Ubangijin da yake musu, wanda aka koya masa ne a makarantar Lahadi. Shi ma Kiristan da ke ba shi amsa ba baƙo yake gani ba, yana ganin ƙanensa ne ko ɗan cikinsa. Ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 ta nuna girman lamarin: kashi 46.2 cikin ɗari suka ce su Kiristoci ne, kashi 37.2 suka ce ba su da addini. Inda aka kai haka, a kan tabarmar cin abinci ake fara gardamar.

Na biyu, tsarin karatun Kirista da kansa ya tanadar wa mai musu kujera. Wasiƙar Bitrus ta fari ta umarci mabiya su kasance a shirye su ba da hujjar abin da suke sa rai a kai. Thomas Aquinas, babban malamin Katolika da ya rasu a 1274, da ya zo mas'alar samuwar Allah bai fara da hujjojinsa biyar ba. Sai da ya jera wa mai musu hujja biyu, ya kuma gina su da ƙarfinsu. Ta farko: in da akwai Mai alheri marar iyaka, da ba a ga sharri a duniya ba. Ta biyu: duk abin da ke faruwa ana iya bayaninsa da ɗabi'a ko da nufin ɗan'adam, saboda haka babu buƙatar a ƙaro wani sababi. Sama da shekara ɗari bakwai ke nan, kuma a ganina littattafan mulhidan zamani, har da na Richard Dawkins na 2006, ba su fita daga inuwar waɗannan hujjoji biyu ba. Ado suka ƙara musu da ilmin halittu.

Cocin Katolika ya ƙara wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Babban taron Vatikan na biyu ya bayyana a 1965 cewa masu imani suna da kaso a laifin yaɗuwar ilhadi, idan suka koyar da addini a karkace ko halinsu ya ƙaryata abin da suke faɗa. A shekarar ce kuma Fafaroma Paul na Shida ya buɗe ofishi na musamman domin tattaunawa da marasa imani. Wato an ɗauki mulhidi a matsayin mai nuna wa coci inda rigarsa ta yage. Daga nan ba abin mamaki ba ne ganin Joseph Ratzinger, shekara guda kafin ya zama Fafaroma, ya zauna da masanin falsafa Jürgen Habermas a birnin Munich a Janairun 2004, suna tattauna ko ƙasa mai bin dimokuraɗiyya za ta iya riƙe ɗabi'unta ba tare da abin da addini ya shuka ba.

Shi kuma mulhidi me yake nema? Wani gaskiya yake bi, kuma an ga wanda hujja ta juya: Antony Flew, bayan rabin ƙarni yana musu, ya sanar a 2004 cewa ya yarda akwai Mahalicci, ko da yake bai shiga wani addini ba. Amma mafi yawa maganar iko ce: me za a koyar a makaranta, wace doka za a kafa, wa zai kare wanda aka zalunta da sunan addini. A Kalaba a 2009, mabiyan cocin Helen Ukpabio sun far wa taron da Leo Igwe ya shirya kan yaran da ake yi wa ƙazafin maita. Wannan ba gardamar falsafa ba ce.

A Arewa kuwa hoton ya sha bamban, kuma nan ne nazarin ya fi shafar mu. Babu wani zaure a Birnin Kebbi ko Argungu ko Zuru da za a kira fasto da mulhidi su yi muhawara a bainar jama'a. Masu cewa ba su da addini a Najeriya ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a ƙididdigar cibiyar Pew, wanda ke da wannan ra'ayi a nan kuma bakinsa yake kamawa. Inda ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne ƙofar kotu. A ranar 28 ga Afrilun 2020 aka kama mulhidi Mubarak Bala a Kaduna kan rubuce-rubucensa na Facebook, aka kai shi Kano. A Afrilun 2022 babbar kotun jihar ta ɗaure shi shekara 24 bayan ya amsa tuhumar, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita biyar a 2024. Daga cikin waɗanda suka ɗauki maganarsa a Amurka har da Frederick Davie, malamin cocin Presbyterian. Wata guda da 'yan kwanaki bayan hukuncin farko, ranar 12 ga Mayun 2022, aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba Kirista, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, 'yan awoyi kaɗan a mota daga Birnin Kebbi, kisan da Sarkin Musulmi ya yi tir da shi. A Bauchi aka tsare Rhoda Jatau, ita ma Kirista, kan tura wani bidiyo game da kisan, sai a ƙarshen 2024 kotu ta wanke ta. A wannan karon 'yan ƙungiyar Igwe ne suka shiga sahun masu magana a madadin Kiristoci.

Kada a ɗauka ƙauna ce ko kusancin aƙida. Dukansu tsiraru ne a wannan yanki, dukansu kuma sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 suke riƙe da shi, wanda ya ba da 'yancin tunani da addini har da na sauya shi. Ɓangarorin da ke ja-in-ja a Kalaba su ne ke sa hannu a takarda ɗaya idan magana ta zo Kano. Ni dai ba na shakkar cewa ɗaukar doka a hannu zalunci ne da shari'ar Musulunci ba ta yarda da shi ba, kuma shi ne ya fi komai ɗaure wannan ƙawance.

Akwai wani gefen da ya fi damuna. Hujjar da Kiristoci suka fi dogara da ita yau a gaban mulhidai daga wurinmu aka aro ta. William Lane Craig, wanda ya shahara a wannan fage, ya wallafa littafi a 1979 kan hujjar da ya kira da sunan ilmin kalam, kuma bai ɓoye cewa daga Alkindi da Imam Gazali ya ɗauko ta ba: duk abin da ya fara samuwa yana da mai samar da shi, duniya ta fara samuwa, don haka tana da mai samarwa. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure aka biya masa Ummul Barahin ta Sheikh Sanusi, wanda ya rasu a Tilimsan a 1490, ya san wannan hanya. Almajiri na karanta Larabcin, malam na fassarawa gaɓa-gaɓa: jiki ba ya rabuwa da motsi ko natsuwa, motsi da natsuwa fararru ne tunda muna ganin ɗaya na gushewa ɗaya na zuwa, abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne, fararre kuwa ba ya samar da kansa. Gazali ya ambaci dahriyya, masu cewa duniya haka take tun fil'azal ba mai yi, ya kawo maganarsu kafin ya rushe ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi faɗa da masu kafirta talakawa don ba su iya jero irin waɗannan hujjoji ba, amma bai ce a rufe ilmin ba. A ƙasar Gwandu, inda ƙanensa Abdullahi ya zauna ya yi rubutu, wannan gado ba baƙo ba ne.

Duk da haka hujjar fararwa rabin aikin ta yi. Tana amsa mai cewa ɗabi'a ta wadatar, ba ta taɓa ɗaya tambayar ba, ta sharri da wahala. Ita ce kuwa ke ci wa matasa tuwo a ƙwarya. Ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Matashin da ya ga haka, ko Musulmi ne ko Kirista, zuciyarsa na iya tambayar inda hikimar take. Fastoci sun daɗe suna gwada amsoshinsu a gaban masu musu, an fasa wasu, wasu sun tsaya, kuma duk suna nan a YouTube da Turanci. Malamanmu ma suna da tasu: Gazali ya yi doguwar magana kan ƙaddara da hikima a babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u, kuma a Birnin Kebbi da Argungu ba a rasa masu iya warware ta da Hausa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da ɗalibi zai furta tambayar ba tare da an ɗauke ta a matsayin ridda ba. Muddin yana tsoron haka, malamin unguwarsu ba zai ji ta ba, sai ya kai ta intanet, inda masu jiran sa da amsa su ne Craig a gefe guda, Dawkins a ɗaya gefen.