Bugun giya a motar atomatik: musabbabinsa da hanyar gyara

Bugun giya shi ne ƙara ko fizgar da direba ke ji daidai lokacin da motar atomatik ta sauya giya. Sanannen ƙorafi ne a garejojin Kano, musamman daga masu motocin Beljiyam irin su Toyota Camry da Honda Accord. Motar da ke ratsa cunkoson tireloli a Sharada, Challawa ko Bompai kullum, ga zafin bazara da kan haura digiri 40, man giyarta ya fi saurin lalacewa.

Lokacin da bugun ke zuwa shi ke nuna inda matsalar take. Idan mota na tsaye ne, aka saka R ko D sannan ta buga, galibi laifin ba na giyabos ba ne: robar da ke riƙe da inji ce ta tsage, ko kuma gaɓar shaf ta ci. Gwajin ba shi da wuya. Direba ya taka birki sosai, ya riƙa sauyawa tsakanin D da R, makanike na gefe yana kallon injin. In ya ga yana zabura, robar ce.

Idan kuwa ana cikin tafiya ne, mai ake fara dubawa. Sabon man giya yawanci ja ne, garai-garai. Wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna ya gama aiki. Wanda ya koma kamar an zuba masa madara, ruwa ne ya shige shi, sau da yawa ta lagireto. A yawancin motoci ana auna shi ne a shimfiɗaɗɗen wuri, inji ya ɗumama kuma yana aiki, amma a Honda sai an kashe injin. Kowace giya da irin manta: Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, giyar CVT kuma nata daban ne. Zuba duk wanda aka samu don ya fi araha na iya haddasa bugun da kansa.

In mai lafiya lau yake, sai a jona na'urar binciken kwamfuta. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da mahaɗin OBD-II, kuma lambobin da suka fara da P07 na giya ne. P0750, alal misali, na nuni ga solinoyid, wato ƙaramin bawul na lantarki da ke buɗe wa mai hanya. Ana iya canza shi ba tare da an sauke giyabos ba.

Saukewar ita ce matakin ƙarshe, ko da yake wasu makanikai da ita suke farawa. Tana wajaba idan aka tarar da ɓarɓashin ƙarfe mai yawa a kaskon mai, ko giya na zamewa, inji na ruri mota ba ta ja. Mai sayen giyabos na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa ya tabbatar lambarsa ta dace da ta motarsa, kuma a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji kafin ya biya.