Madugu ya riga Fayol

Wani ɗan'uwa ya rubuta jiya cewa ilmin tafiyar da ma'aikata bai samu ba sai da Taylor na Amurka ya fitar da littafinsa a 1911, Fayol na Faransa kuma ya biyo da nasa a 1916. Ni kuwa da nake zaune a Malanville, ina duban kogin Kwara da Gaya a ƙetarensa, na ga wajibi ne in yi masa raddi.

Kun dai san fataken goro na da, da ke tasowa daga Kano da Sakkwato, su haye Kwara ta wajen Illo ko Gaya, su ratsa Bargu da Jugu har Salaga ta ƙasar Gwanja. To ku dubi nizamin ayarin. Madugu shi ne shugaba, kuma ba ya samun wannan daraja sai ya san hanya da sarakunanta da halin kowannensu, domin shi zai zauna gaban sarki ya yi cinikin kuɗin fito da na wucewa, shi zai yanke ranar tashi da zangon da za a sauka, shi zai raba gardama in jakin wani ya ɓarnata kayan wani. Jagaba na gaba yana duba hanya saboda 'yan fashin Bargu, ubandawaki na tara abin da ya hau kan kowane falke gwargwadon dabbobinsa, malamin ayari na riƙe da lissafi da addu'a, mai ganga kuwa da asuba ya buga, kowa ya ɗaure kaya. Umarni daga baki ɗaya yake fita, wanda shi ne ainihin abin da Fayol ya lissafa cikin ƙa'idojinsa 14.



Ban musa wa Taylor agogonsa da awon motsin lebura ba, sai dai tun zamanin Sarkin Kano Rumfa Shehu Magili ya rubuta masa yadda ake tsara ma'aji da magatakarda da sauran ma'aikata. A nan Malanville kuwa, daga baya aka gina gada a kan Kwara, manyan motoci suka maye gurbin jakai, dillalai da masu masauki suka ci gaba da riƙe amanar baƙi a kasuwa. Da aka rufe iyaka a 2023, kaya suka koma kwalekwale, masu fito suka shiga tsara layi da farashi a bakin ruwa.