Tikitin Araha da Baƙin Maroko

A watan Janairun 2001 Sarki Muhammad na Shida ya ƙaddamar da shirin Vision 2010 a Marrakesh, da burin Maroko ta riƙa karɓar baƙi miliyan 10 a shekara kafin 2010, alhali masu zuwa a lokacin ba su kai miliyan 5 ba. Ƙashin bayan shirin shi ne gina manyan wuraren shaƙatawa shida a bakin teku, irin su Sa'idiya, Mazagan da Tagazut. Wa'adi ya cika yawancinsu ba su kammalu ba, amma baƙi sun haura miliyan 9. Ke nan wani abu daban ne ya kawo su, kuma hujja ta fi karkata ga yarjejeniyar buɗe sararin samaniya da Maroko ta ƙulla da Tarayyar Turai a Disamban 2006.

Kafin nan, Bature mai son zuwa ko dai ya biya tikiti mai tsada, ko ya bi kamfanin yawon buɗe ido da zai haɗa masa jirgi da otal da abinci a kuɗi ɗaya, ya killace shi a bakin ruwa. Da kamfanonin jirage masu araha, Ryanair da easyJet, suka fara sauka kai tsaye a Marrakesh, sauran birane kamar Fas da Tanja suka biyo baya, sai wani irin baƙo ya ɓullo: mai jaka ɗaya a kafaɗa, mai kwana uku. Masaukinsa tsohon gida ne mai tsakar gida a cikin ganuwa, abincin darensa a dandalin Jama'ul Fana cikin hayaƙin gashi da kiɗan Ginawa, tsarabarsa takalmin fata daga lungun dukawa. Kuɗinsa kaɗan ne, amma hannaye da yawa suke taɓa shi, ko da yake Turawan da suka saye tsofaffin gidajen su ma sun kwashi rabonsu.

Za a ce kusan rabin waɗannan baƙi 'yan ƙasar ne mazauna Faransa, Sifen, Beljiyam da Italiya. Gaskiya ne, sai dai wannan ƙarin hujja ce, domin mutumin Nador mazaunin Turai da a da yake jiran bazara ya tuƙo mota ya tsallako a jirgin ruwa, yanzu yana iya zuwa biki ko ta'aziyya a ƙarshen mako. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne halin da kamfanin jiragen ƙasar, Royal Air Maroc, ya shiga: gasa ta matse shi har ya rage ma'aikata a 2011, reshensa mai araha, Atlas Blue, ya shuɗe, kuma a 2012 Ryanair ya soke wasu jiragensa kan saɓanin kuɗin filin jirgi, abin da ya nuna a hannun wa akalar take. Duk da haka kamfanin ƙasar bai mutu ba, ya juya ya mai da Kasablanka mahaɗar fasinjojin Afirka ta Yamma, har da na Legas da Yamai. A 2024 Maroko ta karɓi baƙi miliyan 17.4, ta zarce Masar ta zama ta ɗaya a Afirka.