Gwajin DNA da Auren Zumunci: Fassarar Hujja a Karkarar Kano

A shekarar 1984 Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester ta Ingila ya gano hanyar bambance mutum da ƙwayoyin halittarsa, kuma a 2017 Jihar Legas ta buɗe cibiyar irin wannan gwaji. Wannan maƙala na ganin cewa a ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Tsanyawa, fassara sakamakon gwajin zai fi samun na'urar wuya.

Idan ƙwararre ya shaida wa kotu cewa da wuya a sami mai irin samfurin DNA da aka samu a wurin laifi ko cikin miliyoyin mutane, ya gina lissafinsa ne a kan waɗanda ba su haɗa jini da wanda ake tuhuma ba. A karkarar arewacin Kano kuwa, gidan gandu ɗaya kan tara wa da ƙane da 'ya'yansu, ga auren zumunci na ƙara kusanta jini. Shaƙiƙai suna tarayya a kusan rabin abin da suka gada, ɗan wa da ɗan ƙane kuma a kashi ɗaya cikin takwas. Cikakken samfuri yana rarrabe su, amma wanda zafi da damshi suka lalata yana iya dacewa da mutum fiye da ɗaya a gida guda.

Matsala ta biyu ita ce, gwajin ba ya faɗin yadda samfurin ya isa wurin da aka same shi, ko yaushe. Lauje da adda kayan aro ne, a ranar gayya kuma hannu da yawa ke riƙe ƙota ɗaya. A Jamus, 'yan sanda sun shafe shekaru suna farautar wata mata da samfurinta ya bayyana a laifuka da dama, sai a 2009 aka gano ma'aikaciya ce a masana'antar audugar ɗaukar samfurin.

Malaman fiƙihu ma sun yi taka-tsantsan da gwajin. A zamanta na Makka a 2002, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta yarda a yi amfani da gwajin wajen binciken laifukan da ba na haddi ko ƙisasi ba, da kuma gano iyayen yaran da suka ɓata, amma ta hana a fifita shi kan li'ani.

Saboda haka, kafin alƙali ya karɓi rahoto, ya kamata ya tambaya: samfurin cikakke ne? An yi lissafin da 'yan'uwan wanda ake tuhuma? Hannun wa da wa abin ya bi kafin ya isa ɗakin gwaji? Rahoton da bai amsa waɗannan ba, ƙarina ce mai jiran wata hujjar.